Takalmin da Ke Cikin Bututun Hayaƙi

Keighley
12 ga Nuwamba, 1984

Neville nawa,

Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kuma murar da ka hau jirgi da ita ta sake ka. Ni lafiya lau nake, in ban da ƙafafuna da ke kumbura da yamma. Ɗan baƙonmu ya fara shuri, musamman in na sha shayi da zafinsa.

Talatar da ta wuce ba za ta fita daga raina ba. Na wayi gari ba ni da wata damuwa da ta wuce ko labulen kicin ya zama rawaya ko kore, yadda na tambaye ka a takardata ta Oktoba. Kafin tsakar rana komai ya canja. Ina zaune ina karatu, na kai daidai inda yarinyar cikin littafin take tsaye a tashar jirgin ƙasa tana jiran wanda ba zai zo ba, dankali yana tafasa, taga tana zubar da gumi kamar kullum, sai ga Sista Holdsworth, ungozomar unguwarmu. Ko zama ba ta yi ba. Ta shinshina iska sau biyu, ta ajiye jakarta, ta ja kabad ɗin kwanuka ita kaɗai, ta ce kar in kuskura in taya ta. Neville, bangon da ke bayansa baƙi ne wuluk, daga ƙasa har tsayin kafaɗata. Fumfuna ce. Ta lakato da yatsa ta kawo mini gaban hanci.

Ta ce, "Wannan kike shaƙa, 'yar nan?"

Na ce ai ina buɗe taga.

Ta ce, "A watan Maris, a garin nan, da jariri ɗan kwana uku? Ajiye littafin nan ki saurare ni."

Ta ce tururin girki ba shi da mafita, bango yake shiga, ya hau har ɗakin sama inda za mu sa gadon jariri. In ba a gyara kafin haihuwa ba, da hannunta za ta rubuta wa Mama a Whitby ta zo ta ɗauke ni. Ka san Mama. Tun ranar ɗaurin aurenmu take jiran in dawo mata da akwatina, ta ce ai ta faɗa mini auren ɗan jirgin ruwa zaman kaɗaici ne. In na shiga gidanta da jariri, ban san ranar fitowata ba. Ni kuwa ta ƙofar nan nake so in shigo da ɗanmu.

Na kira Clive Sugden, maginin nan da kuka yi aji ɗaya. Ya ce fanka ake buƙata, irin mai zuƙe tururi ta fitar da shi waje. Matsalar, bango uku na kicin ɗin na maƙwabta ne, na huɗun kuma ƙofa ce da taga da ginshiƙin dutsen da ke riƙe da su, ba zai huda shi ba. Amma akwai tudun bangon nan da ya turo cikin kicin, inda murhun kwal yake a da kafin a toshe shi da bulo. Ya ce cikinsa rami ne har saman rufi. Zai buɗe gabansa, a tura murhun gas ciki, a ɗaura fankar a sama, a zura bututun ƙarfe ya bi tsohuwar hanyar hayaƙi ya fita.

Gidan marigayiya mahaifiyarka ne, ba na so a ɗaga guduma a cikinsa ba da saninka ba. Ka amsa mini da wuri.

Taka,
Lorna

*

Mombasa
14 ga Nuwamba, 1984

Lorna,

Ina lafiya. Murar ta tafi tun kafin mu wuce Suez, zafin ɗakin inji ba ya barin mura ta zauna. Ina fata kina cin abinci, ba shayi da littafi kawai ba. Ki gaishe mini da mai shuri.

Na samu takardarki a nan. Maganar kicin, ki yi duk abin da kike so. Gidanki ne, ba sai kin tambaye ni a kan irin wannan ba. Duk yadda na dawo na tarar, zan ce ya yi kyau.

Muna sauke siminti, gobe ko jibi za mu tashi. An ce a Dar es Salaam za mu daɗe muna jiran wurin tsayawa, don haka ki riƙa aikawa Durban. Na saya miki zane mai ganye-ganye, ban sani ba ko na ɗaurawa ne ko na tebur.

Naki,
Neville

*

Keighley
2 ga Disamba, 1984

Neville nawa,

Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙwannafi da ya sa ni gaba. Sista ta ce alamar jaririn zai zo da gashi ne, ni dai na ce alamar kifin da na soya ne.

Ban taɓa ganin amsarka ta zo da sauri haka ba. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na rungume ta, na tafi gidan Clive ko hula ban sa ba.

Ranar Alhamis ya zo ya cire bulon gaba. Ramin ya fi yadda na zata girma, mutum zai iya tsugunawa a ciki. Sai ya ce kafin komai sai an gwada ko hanyar a buɗe take. Ya kunna wani ɗan curi mai fitar da farin hayaƙi ya ajiye a ciki, ya ce in tsallaka titi in ɗaga kai in kalli bakin bututun da ke kan rufinmu, in na ga hayaƙi in ƙwala masa kira. Na tsaya cikin yayyafi ina kallon sama har wuyana ya ƙage. Matar gida mai lamba tara ta fito ta tsaya kusa da ni ita ma tana kallo, ba ta tambaye ni me muke kallo ba. Babu abin da ya fito. Da na dawo, kicin ya cika fal, Clive yana tari yana zagin kakan wanda ya gina layin nan. Na hau sama, sai ga hayaƙin yana sulalowa ta tsakanin katakan ɗakin jariri. Ashe hanyar da tururina yake bi ke nan.

Ya haska tocila, ya ce an gitta falalen dutse a cikin ramin, sama da kai kaɗan, an liƙe shi da siminti ta ko'ina.

Ya ce, "Wanda ya sa wannan bai yi niyyar wani ya cire ba."

Can sama da dutsen ya ga bulo biyu da simintinsu ya bambanta da na sauran. Ya cire su don ya leƙa, ya zura hannu. Sai ya fito da takalmi. Na yaro ne, Neville, ƙafa ɗaya, na hagu, ruwan ƙasa mai maɗauri, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba.

Sai da na zauna. Nan take na ga komai a raina. Wata kuyanga ce shekara ɗari da suka wuce, ta haifi ɗan maigida a ɓoye, aka raba ta da shi, abin da ya rage mata kawai ke nan ta ɓoye shi inda babu mai gani. Na faɗa wa Clive.

Ya juya takalmin ya ƙwanƙwasa ƙasansa da farce. Ya ce, "Amarya, kuyangar taki ta san roba? A kasuwar garin nan aka sayi wannan, bai wuce shekara talatin ba. Rage karatun nan."

Ya ce kakarsa ta taɓa cewa mutanen da suna sa takalmi a bututu, amma bai tuna don me ba.

To in shekara talatin ne, ai ku ne a gidan. Na wa ne? Na rubuta wa Anti Winnie a Morecambe, tunda ita kaɗai ta rage a 'yan'uwan mahaifiyarka. Clive ya yi odar bututun, ranar sha bakwai ga wata zai zo da dogon tsani ya fasa dutsen. Kafin nan na rufe ramin da leda. Takalmin yana cikin gwangwanin burodi.

Taka,
Lorna

*

Durban
5 ga Disamba, 1984

Lorna,

Ina lafiya, ina fata ku ma haka.

Yau muka iso, aka ba ni takardarki ta sha biyu ga Nuwamba. Yanzu na karanta ta. Wadda na amsa daga Mombasa ta Oktoba ce, ta labule. Labule nake nufi, Lorna. Labule da fenti.

Kar a taɓa bangon murhun. Ki ce wa Clive ya dakata. In ya riga ya cire bulo, ya mayar. Ba maganar da zan iya yi a takarda ba ce, ana jirana a ƙasa, famfon mai ya lalace. Ki wanke fumfunar da ruwan bilic, ki riƙa rufe tukunya. A watan Mayu zan dawo mu duba tare.

Ba fushi nake yi ba. Ki dai bar shi yadda yake.

Daga nan sai Fremantle, za mu tsaya a tsibirai biyu a hanya, babu wasiƙa sai bayan sabuwar shekara.

Naki,
Neville

*

Morecambe
11 ga Disamba, 1984

Lorna ɗiyata,

Na gode da takardarki. Ina nan dai, gwiwa ce ba ta son sanyin nan, idon dama kuma ya gama aikinsa. Maƙwabciyata Phyllis ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan, don haka in kin ga kuskure nata ne. Ta ce in faɗa miki rubutunki ƙanana ne ƙwarai. Allah ya raba ku lafiya, ki riƙa ɗora ƙafa a kan kujera.

Ashe an buɗe murhun 'yar'uwata Doreen, mahaifiyar Neville. Ban zaci zan ga ranar ba. Na ɗauka Neville ya ba ki labarin Stuart, amma daga tambayarki na gane bai ba ki ba. Ban ga laifinsa ba, a gidan nan ba a kiran sunan.

Stuart yayansa ne. Ya rasu a Fabrairun 1957, yana da shekara ɗaya da wata uku, Neville ko cikinsa ba a yi ba. Ƙirji ne. Kwana tara yana tari. A kicin ɗin nan ake kwantar da shi saboda ɗumi, kuma Doreen ta sa a ranta iskar da ke saukowa ta bututu ce ta kashe shi. Likita ya ce ba haka ba ne, mu ma mun faɗa, ba ta ji ba. A makon da aka binne shi ta sa Harold, baban Neville, ya gitta dutse ya toshe. Ina nan a ranar, ni na dafa masa shayi, yana aiki yana kuka, ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Tun daga nan kicin ɗin bai ƙara bushewa ba, amma wa zai faɗa mata?

Maganar takalmi, ban san da shi ba. Kakarmu tana da irin waɗannan abubuwa, Doreen ce ta gado ta, ni ban ɗauko ba. Kin ce ruwan ƙasa mai maɗauri. Na tuna Stuart da irinsa a ƙafa ranar Kirsimetinsa ta ƙarshe. Ina jin nasa ne, in ba shi ba wa?

Kabarinsa yana bayan ƙaramin cocin kan tudu, can kusurwa wajen katanga, ɗan dutse ne fari. In kin je ki cire masa ciyawa, na shekara shida ban iya hawa ba.

Phyllis ta ce hannunta ya gaji.

Antinku,
Winnie

*

Keighley
19 ga Disamba, 1984

Neville,

Ina fata kana lafiya. Ni ban san me zan ce game da tawa lafiyar ba. Sista ta auna ta ce komai daidai, sai ɗan tarin da nake yi da safe, wanda ba ta so ba.

Takardarka ta Durban da ta Anti Winnie rana ɗaya suka faɗo ta ƙofa. Taka na fara buɗewa. Na karanta sau huɗu. Na ɗauko ta Mombasa na jera su a tebur, hannu ɗaya, biro ɗaya, wannan ta ce gidanki ne, waccan ta ce kar ki taɓa. Sai a lokacin na duba kwanan wata na ga wautata. Kunya ta kama ni har na kasa kallon ramin.

Kafin in buɗe ta Anti, babu abin da ban saƙa ba. Na ce ko wata ce kafin ni. Na ce ko kana da ɗa a wani gari. Na san lissafin shekarun bai yi ba, amma zuciya ba ta lissafi. Sai na karanta tata.

Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini kana da yaya ba? Na san sunan karen da kuka yi kiwo kana yaro, na san malamin da ya mare ka a aji uku, ban san Stuart ba. Kullum ina girki a inda ya yi kwana tara yana tari. Ban ce ka yi laifi ba. Na dai rasa inda zan ajiye abin.

Na dakatar da Clive kamar yadda ka ce. Ya zo da bututun a kan motarsa, ya saurare ni, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "To in mayar da bulo in rufe miki ruwa a bango? Ni magini ne, amarya, ba mai binne matsala ba." Ya ce zai bar komai yadda yake har mijina ya san abin da yake so. Bututun yana jingine a bayan ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi. Na wanke bangon da bilic, kwana shida baƙin ya dawo.

Yanzu na gane abin da kake tsoro. Ba ka so a dami abin da ya rage na ɗan'uwanka. Amma Neville, ramin hayaƙi ba wurin ajiye yaro ba ne, gwangwanin burodi ma haka. Na yanke shawara, in na dawo daga Kirsimeti a wajen Mama, ranar Lahadin farko ta sabuwar shekara zan hau tudu in binne takalmin a kabarinsa. Ya koma wajen mai shi. Ina jin mahaifiyarka ma za ta huta, kai ma ka samu sauƙin barin Clive ya ƙarasa.

Taka,
Lorna

*

Fremantle
8 ga Janairu, 1985

Lorna,

Ina lafiya. Ko in ce da safe ina lafiya, kafin a miƙo mini takardunki biyu tare.

Takalmin nawa ne. Ba na Stuart ba ne, nasa da su aka binne shi. Anti Winnie ba ta nan lokacin da aka sa nawa, ta riga ta koma Morecambe. Duk yaran garin irinsa suke sawa.

Lahadin da kika ce shekaranjiya ce. Na je ofishin waya a nan, sai na tuna babu mai tarho a layinmu da zan kira. In kin riga kin binne, ki roƙi Clive ya je ya tono. Kar ki tona da kanki.

Ga abin da na kasa rubutawa a Durban. Ranar da na fara tafiya da ƙafata, Mama ta cire takalmina na hagu ta sa Baba ya buɗe bulo biyu, ta ɗora shi a kan dutsen da hannunta. Wajen kakarta ta ji cewa gidan da ke riƙe da takalmin yaro ba ya sakin yaron. Na Stuart ba ta sa ba, ta ce a lokacin tana ganin shirmen tsofaffi ne. Ban san da wannan ba sai ranar da zan fara hawa jirgi, ina da shekara sha bakwai. Ta tsayar da ni a kicin ta dafa bangon, ta ce, "Muddin yana inda na sa shi, za ka dawo." Ba ta ƙara maganar ba har ta rasu.

Ni mai gyaran inji ne. Na san takalmi ba ya riƙe jirgi a kan ruwa. Amma shekara takwas ke nan, duk ranar da teku ta tashi, ina ƙasa ina jin ƙarfe yana kuka, abin da nake gani a raina shi ne ɗan takalmin nan a zaune cikin duhu, ko motsi ba ya yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji kunyar faɗa miki, ke da kike ganina kamar jaruman littattafanki. Yanzu kuma na karanta cewa matata za ta kai shi maƙabarta.

Stuart kuwa, ban ɓoye miki shi ba. Ban iya faɗar sunan ba ne, ba a koya mini ba.

Abin da nake roƙo, ki mayar da shi kan dutsen, Clive ya rufe. Ki tafi Whitby ki haihu a wajen mahaifiyarki, can a bushe yake. Wata huɗu ne kawai. In na dawo da ƙafata, ni da kaina zan riƙe wa Clive tsani. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne.

Naki,
Neville

*

Keighley
22 ga Janairu, 1985

Neville nawa,

Ina fata takardar nan za ta tarar da kai a Singapore cikin ƙoshin lafiya. Mai shuri yana nan, yanzu har haƙarƙarina yake nema. Tarin bai tafi ba.

Ban binne ba. Ka zauna ka sha ruwa.

Na je dai. Na ari cokalin siminti na Clive, na sa takalmin a aljihun kwat, na hau tudu ina hutawa a kowace fitilar titi. Na samu ɗan farin dutsen a kusurwa. Amma ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, na kai rabin sa'a ina sara, ko zurfin ɗan yatsa ban yi ba, cokalin ma ya lanƙwashe. Na cire ciyawar da Anti ta ce, na goge sunan da safar hannuna, na faɗe shi da ƙarfi sau ɗaya don ya ji wani ya kira shi. Na dawo gida ina jin haushin sanyi. Da takardarka ta zo, sai na zauna a matakala na rasa ko dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

Ban raina ka ba. Tun ranar nake kunna rediyo in saurari labarin yanayin teku, duk da na san tekunmu suke faɗa, ba taka ba. Sau uku na ɗauko takalmin na tsaya gaban ramin. Na duba littattafaina ko akwai wadda ta shiga irin wannan, babu. A cikinsu takarda tana zuwa a kan lokaci, ko mijin ya turo ƙofa a shafin ƙarshe da jaka a kafaɗa. Babu wadda aka ce ta zaɓa tsakanin tsoron mijinta da ƙirjin ɗanta.

Ga abin da na iya haɗawa, ban sani ba ko daidai ne. Tun ashirin da tara ga Nuwamba takalmin ya bar kan dutsen. A cikin kwanakin nan ka tashi daga Dar es Salaam, ka je Durban, ka ƙetare teku guda har Fremantle, ba ka san ma yana cikin gwangwanin burodi ba. Har coci ya je ya dawo. Kana nan da ranka kana rubuto mini.

Kuma na daɗe ina tunanin mahaifiyarka. Ba ta jira kowa ya yarda ba. Ta ga abin da take ganin zai cuci ɗanta, a makon ta sa aka ɗauko guduma. Ta yi kuskure a kan iska, amma ban ga kuskurenta a kan sauri ba. Ina jin da tana nan za mu yi faɗa sosai, sannan ta gane ni.

Jiya Sista Holdsworth ta zo ta ga ledar tana kaɗawa, ta ga bangon. Ta ce, "Mako biyu na ba ki, 'yar nan. Ko fanka ko Whitby." Mama kuma ta aiko mini da lokutan jirgin ƙasa, ta ja layi a ƙarƙashin na safe.

Na faɗa wa Clive komai, ka yafe mini. Bai yi dariya ba. Ya ce babansa ma bai taɓa shiga ramin kwal ba sai da wani tsohon maɓalli a aljihu. Ya ce zai bar ɗan gurbi a cikin bangon, gefen bututun, daidai bulo ɗaya. Ba kan dutsen ba ne, na sani, ba kuma inda ta sa shi ba ne. Amma cikin gidan ne. Zan ajiye takalmin a ciki, bulon kuma ba za a liƙe shi ba, yana kan kabad yana jiran hannunka a watan Mayu.

In ka yi fushi, ka zo da fushin gida, zan karɓe shi a bakin ƙofa. Labulen rawaya na saya.

Ba zan tafi Whitby ba. Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe Clive zai fasa dutsen.

Taka,
Lorna